Me Ya Sa Maƙwabtan Jamus Ke Kuka Da Wutar Iskarta?

Tambaya: Na ji a rediyo cewa Poland da Jamhuriyar Czech sun daɗe suna ƙorafi a kan wutar da Jamus ke samarwa daga iska. Yaya ƙasa za ta yi kuka da wutar da ba ita ta saya ba?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, tushen matsalar shi ne nisan da ke tsakanin inda ake samar da wutar da inda ake buƙatarta. Yawancin injinan iskar Jamus suna arewa, a gaɓar teku da cikin tekun kanta, alhali manyan masana'antu da dama suna kudu, a jihohin Bavaria da Baden-Württemberg. Layukan da suka haɗa arewa da kudu ba su iya ɗaukar wannan nauyi, ita kuwa wuta ba ta san kan iyaka ba, duk hanyar da ta fi mata sauƙi nan take bi. A ranar da iska ta yi ƙarfi, wani kaso nata yakan ratsa layukan Poland da Czech kafin ya koma kudancin Jamus ko ya shiga Ostiriya, ya cunkushe wayoyin maƙwabta, injiniyoyinsu kuma suna zaune cikin fargabar layi ya yi zafi ya katse.

Sai aka girka wasu transfomomi na musamman masu aiki kamar makunnin famfo, a Mikułowa ta Poland a 2016 da Hradec ta Czech a 2017. Wannan ya maido da nauyin kan Jamus: ana tsayar da injinan iska a arewa a biya masu su diyya, a tada tashoshin gas ko kwal a kudu. A 2022 kaɗai aikin daidaita layukan ya ci sama da Yuro biliyan 4, kuma daga kuɗin wutar jama'a yake fitowa.

A ganina maƙwabtan suna da gaskiya, domin Jamus ta yi saurin kafa injina ta bar wayoyi a baya. Babban layin SuedLink, wanda zai riƙa kai wuta daga arewa zuwa kudu, mai tsawon kusan kilomita 700, ya makara ne bayan mazauna yankunan sun ƙi dogayen turakun ƙarfe, har a 2015 aka yanke shawarar binne irin waɗannan layuka a ƙasa, abin da ya ƙara tsada matuƙa. Ana sa ran kammala shi a 2028.