Muna son ɗaukar yaro riƙo a Abuja: wace ƙungiya za mu amince da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Kubwa, shekararmu 11 da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun yanke shawarar ɗaukar yaro mu riƙe. Na ga ƙungiyoyi da yawa a Facebook suna cewa suna haɗa mutane da jarirai, har wata mata ta ce in mun biya kuɗi za ta kawo mana jariri cikin wata guda da takardunsa. Yaya za mu gane ta gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka muku da alheri a kan wannan niyya. Kafin komai, ki yanke hulɗa da matar nan, kada sisinku ya shiga hannunta.

A Najeriya babu wata ƙungiya, gidan marayu ko asibiti da ke da ikon mallaka miki yaro. Kotu ce kaɗai ke da wannan iko. A Abuja ana aiki da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta ɗora lamarin a kan kotun iyali, ita kuma kotun ba ta yanke hukunci sai jami'an jin daɗin jama'a na gwamnati sun bincike ku sun kai mata rahoto. Saboda haka ƙofar da za ku fara ƙwanƙwasawa ita ce Sakatariyar Harkokin Mata ta Hukumar Birnin Tarayya, sashen da ke kula da yara. A nan za ku rubuta takardar nema, a nan kuma za ku tambayi gidajen marayun da gwamnati ta san da zamansu. Mazauna jihohi su nufi ma'aikatar da ke kula da mata da yara ta jiharsu, don kowace jiha da tata dokar.

Dokar ta gindaya sharuɗɗa. Miji da mata kowannensu ya kai shekara 25, kuma a samu tazarar aƙalla shekara 21 tsakanin mai nema da yaron. Ku zama 'yan ƙasa, kun kuma zauna a inda kuke neman aƙalla shekara 5. Sai kun sanar da jami'in jin daɗin jama'a niyyarku wata 12 kafin kotu ta ba da umarni, sannan yaron ya zauna a hannunku wata 3 a jere ana lura da yadda kuke riƙonsa. Ki auna wannan da alkawarin wata guda da aka yi miki. Lissafin ba ya fita ta kowace fuska.

To, da yake a ƙarshe dai daga wani gida yaron zai fito, ga yadda nake gwada gidan marayu. Tambayata ta farko: ina takardarku daga gwamnati? Da yawa za su ɗauko miki shaidar rajista ta CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a cikin firam mai kyau. Wannan takarda tana nuna an yi wa sunan ƙungiyar rajista ne kawai, ba ta ba su izinin ajiye yara ba, balle miƙa su ga wani. Ki nemi izinin hukumar jin daɗin jama'a, kuma kada ki tsaya a kan abin da suka nuna miki, ki taka da ƙafarki zuwa ofis ki tabbatar.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: yaya yaron nan ya zo hannunku? Kowane yaro yana da fayil. In tsintarsa aka yi, akwai rahoton 'yan sanda da na asibiti, da bayanin cigiyar da aka yi. In iyayensa na raye, galibi sai an samu yardarsu, kuma kotu za ta so ta gamsu sun san abin da suka sa wa hannu. Gidan da ya ce miki "kada ki damu da wannan, Hajiya, mun gama komai", to daidai nan ne ya kamata ki damu. Ban manta da yaran nan 9 da aka sace a Kano ba, waɗanda 'yan sanda suka gano a jihar Anambra a 2019, an sayar da su, an sauya musu suna, iyayensu kuwa sun shafe shekaru suna cigiya. Duk jaririn da ba a san ta inda ya fito ba, wataƙila akwai uwar da ba ta barci saboda shi. Kuma ran da asiri ya tonu, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ba mai sayarwa kaɗai take kamawa ba, har mai saye. A karɓe yaron da kuka shaƙu da shi, ku kuma ku tsaya gaban alƙali.

Maganar kuɗi a taƙaice take. Akwai kuɗin takardu, na gwajin lafiya da na lauya, kowanne da rasit. Amma da zarar kin ji ana cewa namiji kaza, mace kaza, ciniki ake yi, kuma doka ta haramta shi. Haka nan ki guji duk wanda ya ce ki ɗaura tsumma ki nuna kina da ciki, ko a rubuta takardar haihuwa da sunanki kamar ke kika haifa. Gidan kirki da kansa zai tura ki ofishin gwamnati, zai bar ki ki zo ki ga inda yaran ke kwana da abin da suke ci, kuma zai ɗora miki tambayoyi har ki gaji. Jami'ai ma za su zo gidanku, su duba ɗakuna, su tambayi abin da kuke samu. Kada wannan ya ɓata miki rai, don yaron ake yi.

Sauran abu guda, in ku Musulmi ne. Dokar ta tanadi hanya biyu. Ta farko tana mayar da yaro tamkar ɗan cikinku a idon doka, har da gado. Ta biyu umarnin riƙo ce: kotu ta danƙa muku kulawa da tarbiyyarsa ba tare da an yanke shi daga asalinsa ba. Ta biyun ce ta fi kusa da kafala, wato riƙon yaro yadda Musulunci ya tanada, don Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, ta hana a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba. Ku faɗa wa jami'in da lauyanku tun ranar farko wacce kuke so. Rashin gado ba ya nufin ku bar shi hannu rabbana, kuna iya yi masa kyauta da ranku, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. In kuma jaririn bai kai shekara 2 ba, ku tambayi malami batun shayarwa, ko ta hanyarki ko ta 'yar'uwarki ta jini, saboda muharramaka in ya girma.

Jira zai yi tsawo, musamman in kun dage sai sabuwar haihuwa, don masu nema sun fi jariran yawa. Ku yi shawara ke da maigida ko za ku iya karɓar ɗan shekara 3 ko 4, irinsu kan daɗe a gidajen marayu ba mai tambayarsu. Kafin nan ki haɗa takardar aurenku, shaidar haihuwa, sakamakon gwajin lafiya da shaidar abin da kuke samu, ku je ofishin ku biyu tare.