Allon zane, manhajar sata, da hannun da ya yi sanyi

Tambaya: Malam, zan fara koyon zane mai motsi. In sayi allon zane mai fuska ne, ko marar fuska ya isa?

Marar fuska ya ishe ka, ɗan'uwa. Wacom da Huion da XP-Pen duk suna yin ƙanana masu inganci. Da farko ido na kallon kwamfuta, hannu na ƙasa, abin zai yi maka bambaraƙwai, amma za ka saba. Kada lambobin jikin kwali su ruɗe ka: tsakanin matakan jin ƙarfin danna alƙalami 4096 da 8192, da wuya hannunka ya ji bambanci. Ka dai tabbatar alƙalamin na wannan samfurin ne, don ko kamfani ɗaya ne ba kowane alƙalami ke aiki da kowane allo ba. A haɗa maka da bakunan alƙalami na canji, suna cinyewa.

Tambaya: Abokina zai saka mini Maya, manhajar zane mai motsi ta kuɗi, wadda aka fasa, kyauta. Sai in zuba duk abin da na tara a babbar kwamfuta. Ya kake gani?

Ban yarda da ko ɗaya ba. Wanda ya fasa manhaja ya watsa a intanet ba sadaka yake yi ba. Sau da yawa an cusa mata abin satar kalmomin sirri, ko abin da zai kulle fayilolinka a nemi kuɗin fansa, kuma kai da hannunka za ka kashe mata garkuwar kwamfuta kafin ta shiga. Ba ta karɓar gyara, tana mutuwa ana tsakiyar aiki, ranar da kuma kamfani ya nemi shaidar lasisi ba ka da ta cewa. Ga Blender kyauta, halal, tana yin 3D, tana yin zanen hannu da wani kayan aikinta mai suna Grease Pencil. Ga Krita, ga OpenToonz da aka saki kyauta a 2016. In ɗalibi ne kai, Autodesk, kamfanin da ke da Maya, na da lasisin ɗalibai. To satar ta mece ce?

Kwamfuta kuwa, nan mutane suka fi ƙona kuɗi, kuma abin na ci mini rai. Mai motsa zane ba shi ne mai sarrafa hotunan ƙarshe na fim ba, aikin da ke bukatar babban inji. Abin da kake bukata hoton ya gudu ba tsaiko yayin da kake gwaji: RAM giga 16, faifan SSD, da katin hoto matsakaici. Ragowar kuɗin ka sayi faifan ajiya na waje, ka riƙa kwafe aikinka. In ta hannu za ka saya, kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki. Buɗe bayanan na'urar ka karanta da idonka, ka buɗe fayil mai nauyi ka ga ko tana zafi ta mutu. Mutum ya ƙarar da tarinsa a kan inji, alhali ƙwallon da ya zana ba ta san nauyi ba!

Tambaya: Wace manhaja ce za ta mai da ni ƙwararre cikin wata ɗaya?

Ba a yi ta ba. Je ka zana ƙwallo tana dira tana tashi.

Tambaya: Na daɗe ina wannan sana'a, amma hannuna ya yi sanyi. In na ga aikin wasu sai in ji kamar ban iya komai ba.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Idonki ne ya riga hannunki girma, shi ya sa kike ganin kurakuran da da ba ki gani. Abin da suke wallafawa kuma zaɓaɓɓe ne, ba ki ga wanda suka zubar ba.

Ki rage girman aiki. Ɗauki daƙiƙa 3 kacal, wato firem (hoto ɗaiɗai) 72 a kan 24 a daƙiƙa, da manufa ɗaya: mutum ya ɗaga abu mai nauyi. Ɗauki kanki a waya kina yi, ki lura da inda ƙugu ke fara tafiya kafin hannu. Kafa manyan tsayuwar jiki tukuna, ki nuna wa wani ƙwararre a wannan matakin, lokacin da gyara ke da arha. In motsi ya zama kamar ana iyo, yawanci tazarar da ke tsakanin zane da zane ce ta zama daidai wa daida. Matso da su kusa a farkon motsi da ƙarshensa, ki buɗe su a tsakiya. Juya hoton hagu zuwa dama, karkacewar da ido ya saba da ita za ta fito.

Kada ki sayi sabon kwas alhali na baya ba ki gama ba. Ki sa wa wannan daƙiƙa 3 ranar gamawa, in ta zo ki rufe fayil ɗin ki buɗe na gaba.