Tambaya da Amsa: Zafin Inji, Hanyar Iska da Fiffiken Mota a Titunan Legas

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga masu motocin da aka ƙara wa ƙarfi suka fito. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata mai silinda huɗu ce da turbo, an taɓa kwamfutarta an ƙara mata ƙarfi. A buɗaɗɗen titi lafiya lau take, amma da na shiga gosulo a kan gadar Third Mainland da AC a kunne, sai allurar geji ta fara hawa. Bakanikena ya ce a cire tamostat, a kuma haɗa fanka kai tsaye da makulli. In yarda? — Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda, gyaran gangar Auzinawa ne. Motar da ke sanyi a guje ta yi zafi a tsaye ta riga ta gaya maka ciwonta: iska ce ba ta ratsa lagireto idan babu gudu. A guje iskar hanya ke yin aikin, a gosulo kuwa komai na wuyan fanka. Tamostat ba shi da laifi a nan.

Aikin tamostat shi ne riƙe ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka rubuta a jikinsa, galibi tsakanin digiri 82 da 90, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. A injuna da yawa yana da faranti na biyu a gindinsa wanda ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. In aka cire shi, wannan hanya za ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa kewaya inji bai taɓa leƙa lagireto ba. Ka ga an gudu ba a tsira ba. Da safe kuma injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta zuba fetur fiye da kima, baƙin mai ya tsinke, zoben fistin ya ci.

Kafin a kwance komai, a sa sikana, wato na'urar karanta kwamfutar mota, a karanta ainihin zafin ruwan. Allurar geji ta motocin zamani ba ta faɗin gaskiya duka: tana iya zama a tsakiya daga digiri 75 har kusan 110 ba ta motsa ba. Wasu injunan Jamus ma da gangan ake barinsu su kai 100 zuwa 105 in babu nauyi a kansu. Daga nan a kunna AC, a manna takarda a gaban ragar gaba. In fanka na ja daidai, takardar za ta manne. In ta ture ta, an juya wayoyin ko an sa ganyen fanka na wata motar, abin da ke yawan faruwa idan aka sa fanka tokumbo ba a duba ba.

Sai ƙwaryar roba da ke kewaye da fanka. Wannan ita ake rainawa, alhali ita ke tilasta wa fanka jan iska ta duk faɗin lagireto. In ta fashe ko an yar da ita, fanka da'irar da ke gabanta kawai za ta sanyaya, kusurwoyi huɗu su zauna da zafinsu. A sa mai waya ya auna wuta a soket ɗin fanka tana cikin juyi. Inji na aiki batir kan nuna 13.5 zuwa 14.4, kuma bai kamata na soket ɗin ya gaza wannan da fiye da rabin volt ba. Babbar fanka na iya jan amfiya 20 zuwa 30, don haka siririyar waya ko rile mai tsatsa sun isa su rage mata gudu ba a lura ba. A ƙarshe a raba kwandensar AC da lagireto a leƙa tsakaninsu. Za ka sha mamakin ledar fiyawata, gashin kaza da ƙurar da suka yi tabarma a wurin. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota mai matsi yana kwantar da siraran ganyen alminiyom.

Haɗa fanka da makulli kuma yana kashe motar fankar da wuri, ya ɗora wa altaneta nauyi a banza, ya kuma ɓoye maka ranar da sensa ta mutu.

Tambaya: Na sa babbar intakula (mai sanyaya iskar turbo) a gaba, na sa fanalbita ya yanke bamba ya faɗaɗa baki, na kuma cire robar ƙarƙashin inji don iska ta samu shiga. Yanzu a hanyar Legas zuwa Ibadan ne take zafi, abin da ba ta yi a da. Me na yi ba daidai ba? — Mai karatu daga Idi-Araba

Amsa: Ɗan'uwa, ka buɗe wa iska ƙofar shiga ka manta da ta fita. Iska na ratsa lagireto ne kawai idan matsin da ke gabansa ya fi na bayansa. Robar ƙarƙashin da ka cire, wadda kanikawa kan jefar su ce ba ta da amfani, ita ke hana iskar ƙarƙashin mota tasowa ta cika ɗakin inji. Da ka cire ta, ɗakin ya cika da iska, matsin baya ya tashi, wadda ke zuwa daga gaba ta rasa wurin zuwa. Mayar da ita shi ne mataki na farko. In ta ɓace, a nemo a kasuwar kayan mota ta Ladipo, ko a yanka farantin alminiyom mai kaurin milimita 2 a ɗaure.

Na biyu, iska ragguwa ce, inda ya fi sauƙi take bi. Lagireto cike yake da ƙananan ramuka masu wuyar ratsawa, saboda haka duk tazarar da ta gani a gefe, ko sama, ko ƙasa, nan za ta sulale. Tsuguna gaban motar da tocila ka haska ta bakin bamba: duk inda ka hango inji ko taya ba ta cikin lagireto ba, ɓaraka ce. A toshe da farantin alminiyom siriri ko roba mai kauri, a bi gefuna da soso mai jure zafi, har ya zama kamar mazurari daga bakin bamba zuwa fuskar lagireto. A toshe tazarar da ke tsakanin intakula, kwandensa da lagireto ita ma. Idan aka yi wannan, baki mai girman kashi ɗaya cikin uku na fuskar lagireto ya wadatar. Ƙaton baki marar mazurari jan iska kawai yake ƙara wa mota.

Sannan ka tuna cewa yanzu abubuwa uku ne a jere. Iskar Legas ta watan Maris tana shigowa da digiri 32 ko 33, intakula ta ɗora mata zafin turbo, kwandensa ta ɗora nata, kafin lagireto ya samu ragowar. Intakula mai kaurin santimita 10 a kan inji mai lita 2 da ba a canza masa turbo ba, ado ne mai tsada. Mai santimita 6 zuwa 7 ta fi dacewa.

In kana son huda bonet, wurin hudar ya fi girmanta muhimmanci. A yi ta a kashi na gaba na bonet, daf da bayan lagireto, inda iskar da ke hawa kan mota ke da ƙarancin matsi, don ta zuƙo zafi waje. Gindin gilashin gaba wuri ne mai matsi, shi ya sa masu ƙera mota ke ɗebo iskar cikin gida daga nan. Masu ɗage bayan bonet da washa suna jin daɗi a gosulo, amma a guje iska ciki take turawa. Kuma da ruwan saman Yuni da Yuli, duk hudar da ta faɗo kan koyil ko akwatin fiyus tana buƙatar tire da magudana a ƙarƙashinta.

Ba ka ambaci baƙin mai ba, amma ka sa masa geji. Digiri 90 zuwa 110 lafiya ne. In yana wuce 125 a doguwar tafiya, a sa masa nasa ƙaramin lagireton, da faranti mai tamostat a gindin filta wanda ke buɗewa wajen digiri 80, a kuma ƙara mai gwargwadon abin da tiyo da lagireton suka sha, galibi rabin lita zuwa lita guda.

Tambaya: Ɗana ya dame ni sai an sa wa motarsa babban fiffike a kan but da leɓe a ƙasan bamba, wai suna riƙe mota a ƙasa. Gaskiya ne ko kuɗi kawai zai ƙona? — Wata uwa daga Obalende

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara haƙuri. Maganarsa na da tushe, sai dai ba a gudun da ake yi a Legas ba. Ƙarfin da iska ke danna fiffike da shi yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Ɗauki fiffike na gaske, mai tsawon mita 1.4 da faɗin santimita 25. A gudun kilomita 100 cikin awa, wanda shi ne iyakar doka ga ƙananan motoci a babbar hanya, zai danna bayan mota da kimanin kilo 25, wato rabin buhun siminti. A kilomita 50 abin kimanin kilo 6 ne kawai. Sai an kai 200 ne zai yi buhu biyu, wannan kuwa gudun filin tsere ne. Mota mai nauyin kilo 1,500 ba za ta san an ɗora mata rabin buhu ba, amma tankin mai zai sani, domin fiffike na ƙara jan iska. Yawancin na kasuwa ma ba su da siffar da za ta ba da ko wannan.

Akwai haɗari kuma. Murfin but falle ne siriri, fiffiken da ke aiki da gaske zai lotsa shi ko ya yage kusoshi, don haka masu tsere suna kafa ƙafafunsa a kan ƙarfen jikin mota. Idan aka danne baya kaɗai, gaba yakan yi sauƙi, a kwana mota ta ƙi bin sitiyari. Leɓen gaba shi ke daidaita wannan, amma sai ya yi ƙasa sosai, ya yi tauri, an ɗaure shi a jikin shasi. Wanda aka ɗaure da sukurori a robar bamba, tudun rage gudu na farko a unguwa zai karɓe shi. In dai kwalliya yake so, ƙaramin leɓen bakin but ya ishe shi: yana ɗan rage ɗagawar baya, ba ya cin mai a zo a gani.

Tambaya: Tunda babu ƙanƙara a Legas, me zai hana in zuba ruwan borehol zalla, in sa murfin lagireto mai matsin bar 1.3? — Mai karatu daga Mile 12

Amsa: Malam, ruwa zalla ya fi kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, ɗaukar zafi, wannan gaskiya ne. Amma kulan na ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Ruwan borehol na da gishiri da ma'adinai da ke yin ɓawo a cikin bututun lagireto, su ci alminiyom da famfon ruwa. Yi amfani da tataccen ruwa irin na batir, ka tabbata ba mai asid ba ne. Kashi 40 na kulan da 60 na ruwa ya dace da nan, kada a sauka ƙasa da kashi 33. Wanda aka rubuta an riga an gauraya, ba a ƙara masa ruwa, kuma ba a haɗa iri biyu.

Murfi kuwa ba ya sanyaya komai, tafasa yake jinkirtawa. Ruwa na tafasa a digiri 100, a ƙarƙashin murfi mai 1.1 sai ya kai wajen 121, in da kulan rabi da rabi ya kusa 129. Sa 1.3 inda aka tsara 0.9 yakan fasa tsohon tiyo ko kan lagireto na roba. Bi lambar da ke jikin na asali.

Tambaya: Na cire akwatin iyafilta na sa buɗaɗɗiya mai kan mazurari. Abokina ya ce in sauke ta ƙasa bayan bamba don ta sha iska mai sanyi. Ni a Lekki nake aiki. — Mai karatu daga Ajah

Amsa: Abokinka ya yi daidai a rabin farko. Buɗaɗɗiyar filta a ɗakin inji tana shaƙar iska mai digiri 60 zuwa 70 a gosulo, alhali ta waje 32 ce. Wannan bambanci na rage nauyin iskar da kusan kashi 10 cikin 100, kwamfuta kuma ta ja tayimin baya don gudun ƙwanƙwasar inji. Ƙara ka saya, ƙarfi ya ragu.

Amma sauke ta ƙasa a hanyar Lekki zuwa Epe da damina, a'a. Inji mai lita 2 da silinda huɗu, sararin da ke saura a kan fistin idan ya kai ƙololuwa kimanin mililita 55 ne kawai, wato kusan kashi ɗaya cikin tara na ledar fiyawata. Ruwa ba ya matsuwa. In wanda ya fi haka ya shiga silinda guda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe ko ta fasa bulok. Mayar da akwatin asali, ko a ƙera wa filtar akwati rufaffe da ke ɗebo iska daga saman ragar gaba, a matakin fitila, da ƙaramar huda a gindinsa don tsiyayar ruwa.

In mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murza makulli ko sau ɗaya. A tura ta tudu, a buɗe filta a taɓa. In da danshi, a cire fulogai duka, a zare fiyus ɗin famfon mai da soket ɗin koyil, sannan a juya injin ya tofar da ruwan ta ramukan fulogi. A canza baƙin mai da filtarsa, a auna matsin kowace silinda kafin a tayar, domin wadda ta gaza 'yan'uwanta sosai alama ce sandarta ta riga ta lanƙwashe.