Kada ka raina amalanken wake a Alƙahira

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a Azhar, kana tambaya ko ka cika jaka da kuka da daddawa ka riƙa girki a ɗaki, don an ce maka abincin bakin titi ɓarnar kuɗi ne da ɓata ciki. Taho da kukarka, amma kada ka kulle kanka.

Da sassafe a unguwar Hayyul Ashir ko Darrasa za ka ga amalanken mai ful, waken da ya kwana a kan wuta cikin tukunya mai siririn wuya. Ya zura dogon ludayi ya kwaso, ya zuba mai da lemun tsami, ga albasa da gurasa a gefe. A tsaye ake ci. Direban bas da magini da ɗalibi ɗan Indunusiya, kafaɗa da kafaɗa, ba mai tambayar matsayin wani.

A nan kunnenka zai buɗe. Larabcin da ka haddace a Islamiyya zai yi maka aiki a aji, amma na kan titi daban yake, kuma ba malamin da ya kai mai wake haƙurin maimaita maka magana. Idan ya saba da fuskarka, daga bakinsa za ka ji inda ɗakin haya ya faɗi, da dillalin da ya kamata ka guje wa. Kamar teburin mai shayi ne a gida.

Rayuwa ta yi tsada, ba zan ɓoye maka ba. A Maris 2024 darajar fam, kuɗin Masar, ta faɗi warwas, a Yuni kuma gurasar tallafin gwamnati ta tashi daga ƙirshi (kwabon Masar) 5 zuwa 20. Kai baƙo ko katin tallafin ba ka da shi. Duk da haka ful ya fi kusan komai sauƙi.

Abin da ke damuna shi ne garin na sauyawa. An gina sabon babban birni a gabas, wajen kilomita 45, ga unguwanni masu katanga inda ake aiko da abinci ta waya. Can sai ka shekara ba ka san sunan maƙwabcinka ba. Don haka nemi masauki a tsohuwar unguwa.

Zaɓi amalanken da mutane suka yi wa cincirindo, ka ɗaga wa ɗanyen ganye ƙafa har cikinka ya saba, kuma ka yi sallama kafin ka miƙa kuɗi. Allah Ya kawo ka lafiya.