Ɗan Wasanmu Ya Mai da Teburin D&D Kotu

Tambaya: Malam, ni ke jagorantar wasan Dungeons & Dragons, bugu na 5, wasan tebur ne na ƙirƙirar labari da jefa dayis, mu shida ne. Ɗaya daga cikinmu ya haddace littafin ƙa'idoji, duk hukuncin da na yanke sai ya buɗe shafi. Faɗan minti 20 yakan ci mana awa guda, har mutum biyu sun fara kawo uzurin rashin zuwa. An ce in turo wa jaruminsa, wato wanda yake taka rawarsa a cikin labarin, dodon da zai gama da shi, ya shiga taitayinsa. In yi?

Amsa: Kada ka yi, ɗan'uwa. Tukuna gano wane iri ne. Duba lokacin da aka raunata jaruminsa, in boka ne, yana riƙe da sihiri: ƙa'ida ta ce ya jefa dayis don kada sihirin ya kuɓuce, maki 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa. Raunin 22 na neman 11. In da kansa yake tunasar da kai wannan, mai son daidai ne, dukiya ce gare ka. In ƙa'ida ba ta faɗo masa sai za ta amfane shi, riba yake nema.

Yanzu maganar dodon. Wannan shawara ta cika intanet, kuma masu ba da ita sukan fake da cewa jagora ke da maganar ƙarshe. Gaskiya ne, littafin jagora na 2014 ya ba ka wannan iko. Amma ikon alƙalanci ne, ba sandar ramuwa ba. Mutumin nan gardama yake yi saboda ya gina jaruminsa a kan abin da aka rubuta, yana tsoron ƙasa ta zame masa. Ka kashe jarumin don haushi, ka tabbatar masa da tsoronsa ke nan. Sabon da zai kawo sai ya fi na farko sulke, gardamar ta ninku. An gudu gara an faɗa gidan zago. Sauran huɗun kuma ba makafi ba ne. Da zarar sun gane dodanni na bin fushinka, dayis ya tashi daga aiki, ba wanda zai ƙara jin daɗin nasara ko zafin faɗuwa. Sannan, ka yi haƙuri, sau da yawa shi ke da gaskiya. Jagorori nawa ne ke cewa 20 a kan dayis mai fuska 20 nasara ce a komai? A ƙa'idar 2014 wannan na kai hari ne, ba ta shafi lallashin sarki ko hawan katanga ba. Kai wa jarumi hari daga gefe biyu don samun fifiko ma zaɓi ne, ba tilas ba. Za ka hukunta mutum don ya karanta abin da kai ba ka karanta ba?

Matsalar tebur a wajen wasa ake gyara ta. Same shi shi kaɗai kafin zama na gaba, ba a gaban jama'a ba. Ku yi yarjejeniya: yana da daƙiƙa 60 ya faɗi ƙa'ida, ka yanke, wasa ya ci gaba, a rubuta saɓanin a takarda a duba bayan an tashi. In kai ne ka yi kuskure, faɗa a fili a zama na gaba, a gyara daga nan, ba a komawa baya sai in kuskuren ya kashe jarumi. Duk ƙa'idar da ka sauya, rubuta ta a shafi ɗaya kowa ya samu.

Ba shi aiki kuma: jerin wanda zai taka bayan wani, wa aka sa wa guba, wa ke riƙe da sihiri. Mai son daidai nan take yake lafawa. Mai neman riba kuwa, in ya karya yarjejeniyar zama uku a jere, gaya masa baki da baki cewa teburin nan bai dace da shi ba.