Aikin da nake yi a garejin kawuna zai iya zama SIWES ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji huɗu a jami'a, ɓangaren injiniyan kanikanci, zango na biyu zamu fita SIWES, wato horon koyon aiki a masana'antu da ake tura ɗalibai, na wata shida. Kawuna yana da gareji a Kano, tun ina sakandare nake taya shi aiki in anyi hutu, shine nace ko za a iya lissafa min wannan a bani makin? Sannan abokaina sunce ba sai naje ko'ina ba, hatimi kawai zan samo a buga min a logbuk, littafin da ake rubuta aikin kullum. Dan Allah a bani shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Aikin da kayi a baya kam ba zai shiga lissafi ba ko da shekara goma kayi kana yi, saboda makaranta ba don ka taɓa riƙe sifana take baka maki ba, tana baka ne akan aikin da aka san ranar da ka fara, aka san wanda yake tsaye a kanka, aka rubuta shi kullum, malami ya taso daga makaranta yazo ya ganka da idonsa. Dama dalilin ƙirƙiro tsarin kenan, hukumar ITF, wato asusun horas da ma'aikatan masana'antu mai hedikwata a Jos, ita ta fito da shi a 1973 lokacin da masu masana'antu suke ta ƙorafin cewa ana yaye ɗalibai sun san takarda amma hannunsu bai san aiki ba.

Amma garejin kawun naka zai iya zama wajen SIWES ɗinka daga yanzu, in kodinetan sashenku ya yarda da wajen. Kaje ka same shi kafin ka karɓo takardar amincewa, ka faɗa masa gaskiya cewa na kawunka ne. Abinda zai duba shine akwai ƙwararren da zai iya koya maka ya sa hannu a logbuk, akwai kayan aiki, kuma aikin ya dace da kos ɗinka. In gareji ne babba da ake sauke inji a ɗaure, ana duba mota da kwamfuta, to babu laifi. Sai dai ni in ɗana ne zan ce ya nemi wani wajen, don abinda kawunka zai koya maka ka riga ka kwashe rabinsa, ga Sharaɗa da Bompai da Chalawa cike da kamfanoni inda zakaga janareta manya da injinan da baka taɓa taɓawa ba, kuma kawu kawu ne, ranar da ka makara ko kace zakaje biki da wuya ya iya maka faɗa kamar yadda bare zai yi.

Maganar hatimi kuwa, wallahi ita ce take min ciwo. Na taɓa tafiya duba wani ɗalibi, tafiyar kusan awa uku, na isa adireshin da ya bayar maigadi yace shi bai taɓa jin sunan ba, aka kira manaja shima haka. Yaron nan sai da ya sake shekara guda, ƴan ajinsu suka tafi bautar ƙasa yana gida, mahaifinsa yazo ofis yana roƙo amma babu abinda zan iya yi masa don takarda ta riga ta wuce. Wanda ma ya tsallake ziyara to akwai ranar difens, zaka tsaya gaban malamai da rahotonka, ka rubuta cewa ka canza gasket sai a tambaye ka ta wane noti ake fara ɗaurewa kuma me yasa, nan take ake gane wanda yaje da wanda ya kwana a gida.

Ka lissafa da kanka ma. A jami'o'i da yawa SIWES yunit 6 ne, wasu sashen ya fi haka, ka duba littafin sashenku. In ka samu A maki 30 kenan ya shiga CGPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na duk karatun, in C ne 18, kaga kos biyu ne manya a dunƙule, kuma babu jarrabawar zama a aji, zuwa ne da rubutu da iya bayanin abinda hannunka yayi. Na ga waɗanda wannan zangon ne ya ɗaga musu digiri daga mataki zuwa mataki.

In ka fara, makon farko ka cike fom ɗin fara aiki ka kai ofishin ITF mafi kusa da kai, akwai a Kano. Logbuk kuma kullum ake rubuta shi, kar ka tara sai ƙarshen wata ka zauna kana ƙirƙira, ka rubuta abinda kayi da hannunka, wace mota ce ko wane inji, me ya same shi, yaya aka gano, ka zana hoton abin in da hali, ƙarshen mako mai kula da kai ya sa hannu. Ranar da baka yi komai ba sai kallo ka rubuta abinda ka kalla, ba abin kunya bane. Lambar wayar da ka baiwa makaranta ta kasance a kunne don malami ba lallai ya sanar da ranar zuwansa ba, in kuma ka canza wajen aiki ka sanar da kodineta a rubuce tun kafin ka koma. Da ka gama sai Fom 8, wato fom ɗin kammala aiki, wajen aikin su cike nasu, makaranta ta cike nata, ITF ta buga hatimi.

Alawus ɗin gwamnati kar ka ɗora kuɗin motarka a kai, an daɗe ana biyan naira 2,500 ne a wata, don haka in wajen da ka samu yana da nisa ku zauna da mahaifinka ko kawun naka tun yanzu ku tsara yadda za ayi da kuɗin zirga-zirga na wata shidan.