Babur ɗina na zuƙar mai yana baƙin hayaƙi: dole sai an buɗe inji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Hayin Dogo da ke Samaru a Zariya, kullum ina zuwa aiki Tudun Wada a kan Boxer ɗina da na saya sabo shekara biyu da suka wuce. Tun da sanyin nan ya shigo ya sauya hali. Man da ke yi mini kwana uku yanzu da ƙyar yake kai kwana biyu, da safe sai na yi ta buga kik kafin ya tashi, in na goya mutum ba ya ja, in kuma na murɗa totur sai baƙin hayaƙi. Na sa sabon fulogi, cikin mako guda ya sake yin baƙi. Wani bakanike ya ce ringi ne ya mutu, sai an buɗe inji an sa sabon ringi da fistan. Abokina kuma ya ce in cire soson iska gaba ɗaya, in sa a matse kabureta, mai zai yi auki. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Bisa bayanin da ka yi, ban ga dalilin kwance inji ba, shawarar abokinka kuwa ita ce gajeriyar hanyar da za ta kai ka ga kwance shi da gaske.

Launin hayaƙin da ka ambata shi ya warware mini rabin matsalar. Ringin da ya cinye yana barin baƙin mai ya haura ɗakin ƙonewa, sai hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi, mai warin ƙonannen mai, bakin salansa ya yi danshi da maiƙo, kuma duk ranar da ka zaro sandar awon mai sai ka tarar ya ragu alhali babu inda yake ɗiga. Baƙin hayaƙi kuwa na fetur ne da ya yi wa iska yawa, ya kasa ƙonewa duka. Ka kwance fulogin ka shafa bakinsa da yatsa. In baƙin ya taso a bushe, yana bin yatsa yana kakkaɓewa, fetur ne. In ya jiƙe yana sheƙi da maiƙo, to a nan maganar bakaniken ta fara samun gindin zama. Fulogin lafiyayyen inji ruwan ƙasa-ƙasa yake, a bushe.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yawan iskar da inji ke shaƙa. Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone yadda ya kamata, tana bukatar iska kimanin lita 9,000. Duk wannan iskar ta cikin ɗan soson nan da ke cikin akwati a gefen babur take bi, wanda makanikai ke kira eyakilina. Yanzu ka tuna yadda Zariya take daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka goge kujerar babur da asuba, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai. Ka ƙara da ƙurar da tirela ke tayarwa a Kwangila, da ta lungunan Samaru da ba kwalta, da wadda masu shara ke tashi da ita da sassafe a bakin kasuwar Sabon Gari. Soson da zai yi wata biyu a damina bai toshe ba, a hunturu mako biyu ya ishe shi. Da ya toshe, fistan na jan iska ba ta zuwa, sai ƙarfin jan ya koma kan fetur ɗin da ke cikin kabureta. Daga nan sai shan mai, da baƙin hayaƙi, da mutuwar fulogi, da sanyin jiki in an yi goyo. Abubuwan da ka lissafa ke nan, kusan ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ka fara da buɗe akwatin nan, sukudireba kawai yake bukata. In irin na soso ne, ka wanke shi da kananzir, ka matse shi a tafin hannu ba tare da ka murɗe shi ba, don murɗawa na yaga shi. Ka shanya a inuwa ya bushe sarai, sannan ka ɗiga masa baƙin mai mai tsabta, ka mammatsa har ya ratsa ko'ina, ka matse rarar. A nan ake yawan kuskure ta fuska biyu. Wasu su mayar da shi a bushe, alhali maiƙon ne ke kama lallausar ƙura. Wasu su jiƙa shi sharkaf, su toshe shi da hannunsu. Ana so in ka taɓa ka ji maiƙo, in ka matsa kada ya ɗiga. In kuwa irin na takarda ne mai ninki, ba a wanke shi, ba a sa masa mai; kakkaɓewa ake yi, in ya yi baƙi a sayi sabo. Soson da ya fara marmashewa in an taɓa shi ya gama aiki. Ka goge cikin akwatin da tsumma, ka leƙa robar da ta haɗa shi da kabureta ko ta tsage, ka tabbata murfin ya zauna daidai.

To me zai faru in ka cire shi ɗungurungum kamar yadda abokinka ya ce? Ranar farko za ka ji daɗi. Babur zai yi kuka mai kauri, hayaƙi ya ɗauke, ka ce ai ga magani. Amma ƙurar hunturu lallausan yashi ce, in ta shiga ta gauraya da man da ke jikin bulok sai ta zama irin tokar da mata ke dirje gindin tukunya da ita, fistan na hawa da sauka sau dubbai a minti guda yana dirzawa. Kafin damina ta faɗi, ringin da yau lafiyarsa ƙalau zai cinye, bulok ya yi zane, bawul ya daina rufewa ruf. Yaran da ke cire soso su fasa salansa don a ji tahowarsu tun daga nesa, su ne manyan masu cinikin 'yan kayan gyara a Sabon Gari.

Kafin ka taɓa kabureta, duba cok. Aikinsa ke nan ya ƙara yawan fetur a kan iska don inji mai sanyi ya tashi, kuma a lokacin nan kowa na jansa da safe. Wani ya manta bai mayar ba har ya isa PZ, wani ya mayar amma ƙura ta sa ya cije bai koma duka ba. Babur mai tafiya da rabin cok alamominsa daidai suke da na toshewar soso.

Sai maganar matsewa. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da janye tallafin mai, wannan sana'a ta yi kasuwa, kuma ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Amma a san me ake matsewa. Ɗan sukurun da ke gefen kabureta, wanda kowa ke kai wa sukudireba, ikonsa ya fi yawa a kan sulo da ɗan farkon totur. Tsakiyar totur na hannun allurar cikin kabureta ne, cikakken totur kuma na babban jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da fetur ke bi. Wanda ya yi ta juya sukurun nan don rage shan mai a kan titi, sulo kawai ya ɓata. Masu zurfafawa su ne ke sauke allura ko su sa ƙaramin jet, wani ma ya cusa silin waya a cikin ramin jet ɗin. Wannan kam yana rage fetur, amma inji mai ƙarancin fetur zafi yake ɗauka. Boxer ba shi da lagireto, 'yan fukafukan ƙarfen da ke jikin bulok da iskar tafiya su kaɗai ke sanyaya shi. A sanyin Janairu zai jure. Bari Maris da Afrilu su zo, ka tsaya a cunkoson Kwangila da rana tsaka, ga goyo a baya. Alamun farko su ne fulogi ya yi fari fat, babur ya riƙa shaƙewa in ka murɗa totur, salansa ta riƙa harbi in ka saki. Ƙarshensa ƙonewar bawul ko fistan ya cije. Kuma da yake ba ya ja, kai da kanka za ka riƙa murɗa totur fiye da da, sai auki ya tafi a nan.

Abin da kabureta ke bukata wanki ne da komawa saitin kamfani. Bakanike ya kwance kofin da ke ƙasanta a gabanka. In kana yawan sayen man kwalba wajen 'yan bumburutu, kada ka yi mamakin ganin jan laka da ɗigon ruwa kwance a gindin kofin. A busa jet da iska, kada a soka masa waya, don ramin na faɗaɗa ba ya komawa. A duba ƙaramar allurar da ke tsayar da fetur in kofin ya cika. In bakinta ya ci, fetur zai riƙa ambaliya, wani ya bi ɗan tiyo ya ɗiga ƙasa, wani ya wuce inji. Wanda ke jin warin fetur a zaure inda babur ya kwana, ya fara zargin wannan. Rufe makunnin fetur da dare al'ada ce mai kyau ko da komai lafiya.

Wahalar tashi da safe na iya zama daga fulogin da ya yi baƙi kawai. In an gyara sauran ba ta daina ba, a duba saitin bawul. Da tafiya ta yi tafiya tazarar kan matse, bawul ya ƙi zama sosai, matsi ya riƙa zurarewa. Ana yin saitin ne lokacin da inji ya huce, da ma'auninsa na siraran ƙarafa, ba da kunne ba. Aikin minti kaɗan ne, ƙananan murafu kawai ake buɗewa. Bawul ɗin da ya matse kan sa kik ya yi sako-sako har a ɗora wa ringi laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma masu satar mai ta wajen inji. Kafe babur a ƙafarsa ta tsakiya ka juya tayar baya da hannu. In ta tsaya nan take, birki na kamawa ko sarƙa ta yi tauri. Sarƙa na son lilo na santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta, da ɗan mai bayan an wanke ta da kananzir. Iskar taya a auna da geji, kimanin PSI 25 a gaba, 28 a baya, 32 in ana goyo; mai facin da ke danna taya da babban yatsa ya ce ta yi, ka gode masa ka nemi mai geji.

Baƙin mai kuwa, tunda babur ya jima yana tafiya da fetur fiye da kima, ka shinshina sandar awo. In ka ji warin fetur, ya tsinke, a yi juye ko lokaci bai yi ba. A irin wannan babur mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci, shi ya sa ake son wanda aka yi don babur, 20W50 mai alamar JASO MA a jikin robar. Wasu mayukan mota na da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa, ka ji inji na ihu babur ba ya gaba. Ka sayi rufaffe, a fasa a gabanka, ka bar na awo da ba ka san asalinsa ba. Wajen lita ɗaya yake ci, kuma cikawa ya wuce alama ba gata ba ne. A ƙurarmu ni ina ba da shawarar juye duk kilomita 1,500 zuwa 2,000, ko da littafin kamfani ya ba da tazarar da ta fi haka.

Bayan an yi waɗannan, ka daina lissafi da kwana ko da naira, tunda farashi na motsi, zirga-zirga ma ba kullum take daidai ba. Cika tanki, rubuta lambar mita, yi harkarka, ka koma famfo ɗaya ka sake cikawa, ka raba kilomita da litar da ta shiga. In mitar ta mutu, taswirar waya za ta ba ka nisan Samaru zuwa Tudun Wada. Lafiyayyen babur mai siisii 100, a tafiyar cikin gari ba ganganci, ya kamata ya ba ka kilomita 50 ko kusa da haka a lita.

In duk da haka ƙarfi bai dawo ba, kuma ka fara ganin shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa tsakanin juye da juye, to ka koma wajen bakaniken, amma a auna matsin inji da geji kafin a ɗaga sifana. In matsin ya yi ƙasa, a ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi a sake aunawa: in ya tashi, ringi ne, in bai motsa ba, bawul ne, ba ruwan fistan. In har an buɗe, a auna bulok ɗin ma, don sabon ringi a bulok mai zane wata nawa ne ya koma gidan jiya. Sannan ka lallaɓa shi na kilomita 500 na farko, ba cikakken totur, ba goyon buhu, ka zubar da man farko da zarar ka cika su.